Ranar da Aka Tambayi Sajo

Talata, 11 ga Satumba, 1956, bayan la'asar

Bara waccan, a kasuwar Maigatari, wani mai kanwa ya ce mini wai an buɗe wani wuri a Kano inda ake tara malaman elementare a koya musu yadda ake zama hedimasta, kuma wai nan gaba duk wanda bai shiga kwas ɗin nan ba, ba za a ba shi makaranta ya riƙe ba. Na yi dariya har sai da na dafa buhunsa. Na ce, "Kai dai auna kanwarka. Shugabanci ɗinkin hula ne da za a zaunar da mutum a koya masa?" Na ɗauka irin zancen kasuwa ne, wanda kowace rumfa ke ƙara masa gishiri.

To, yau zancen ya zo har ƙofar ajina, a cikin mota.

Tun makarantar nan ta Tsamiyar Ilu tana rumfar zana nake riƙe da ita, kuma ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki. Duk ƙasar Sule Tankarkar an san wanda nake so ya zauna wurina: Sajo. Ni na kama hannunsa ya rubuta baƙinsa na farko, ni na raka shi mota da zai tafi makarantar horon malamai, ya dawo yana koyar da aji biyu a gefena. Ban haife shi ba. Iyakar abin da ya rage ke nan.

Baturen ilmi, wanda yara ke kira Jan Kunne, ya iso da hantsi. Ya shiga ajin Sajo ya daɗe, ya leƙa nawa ya fito. Sannan ya tara mu a gindin tsamiya, ya yi magana da Hausarsa ta littafi.

"Malam Sajo, an ba ƙasar Gumel wuri ɗaya a kwas na hedimastoci. Wata tara ne. Kana so ka tafi?"

Sajo ya sunkuyar da kai, kamar yadda ɗan mutunci ke yi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga manyana a nan. Ni ban isa ba."

"To, ba ka so?"

"Ranka ya daɗe..."

Bature ya juyo ya dube ni. Ni ma na dube shi. Ya ɗan jira, sannan ya ce, "To, madalla." Ya shiga motarsa.

Ban ce komai ba. Ba wurina ba ne in yi magana. Mutum ba ya yabon nasa a gaban baƙo.

Laraba, 12, da hantsi

Sajo ya riga ni zuwa. Ya gaishe ni har ƙasa, ya shiga ajinsa. Ina jin su ta bango suna rera lissafi.

Alhamis, 13, bayan magariba

Na gaya wa matata A'i ba wani abu ba ne, Bature zai dawo ya sake tambaya. Haka ake yi. A tambaye ka, ka ƙi. A sake, ka ƙi. A na uku sai ka ce tunda manya sun matsa.

Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Shi Baturen, wa ya rene shi da zai san haka?"

Na ce ai ya daɗe a ƙasar nan.

"Jakin Dagaci ma ya daɗe a ƙofar masallaci." Ta buga rariya. "Ni abin da ya ɗaure mini kai, Malam, ranar ka sa in fito maka da rigar salla tun da asuba, har da rawani. Shi kuwa yaron ka ce ya zo da ta kullum, kada a ce yana rawar kai. Wa aka zo gani ne?"

Na ce tuwo zai ƙone. Ta ce ba ta ɗora ba tukuna.

Kakata tana da wani labari da take ba mu muna yara. Wani matafiyi ne ya kwana biyu bai ci ba, ya sauka gidan wani mutumin wata ƙasa. Aka kawo masa akushi cike, ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na ci." Mai gida ya ce madalla, ya juya ya miƙa wa makwabci. Matafiyi ya kwana yana sauraron wani yana suɗe hannu. Nan muke fashewa da dariya, ita kuma ta ce, "Ku dai yi ta dariya." Ban taɓa tambayarta wa take so mu yi wa dariyar ba.

Juma'a, 14, bayan an sauko

Na bi Dagaci Sallau zaurensa. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, don haka ba ya raga mini.

"Hudu, an ce Bature ya kawo muku nama kun ce kuna azumi."

Na ce ya bar wasa, a san yadda za a yi magana ta koma kunnen Bature cewa yaron nan yana so. Ya ce abu mai sauƙi. Yana da suruki a Gumel wanda yake abokin wani da ke zama da akawun ofishin ilmi. Za a bi ta nan, a hankali, yadda ba wanda zai ji kunya.

"Amma kai me ya hana ka buɗe baki ranar?"

Na ce ba wurina ba ne.

Ya daɗe yana kallona yana tauna goro. Ya ce, "To."

Litinin, 17, da azahar

An fara cirar gyaɗa, benci ya fara yin fili. Kowace kaka haka ne: uba ya janye ɗansa, in aika dogarin Dagaci ya kamo shi, uban ya daina amsa sallamata har damina. Wasu yaran ba sa dawowa ko an gama. Na saba. Tun ina jin ciwo har na mai da shi kamar ciwon gwiwa, abin da ke zuwa da lokacinsa.

Ba labari daga Gumel.

Alhamis, 20, bayan la'asar

'Yan kasuwar Maigatari sun dawo da labari. Daga nan Jan Kunne can ya wuce. Ya tambayi wani malami, Haladu, irin tambayar da ya yi wa Sajo. An ce bai ma rufe baki ba Haladu ya ce, "Ina so, ranka ya daɗe, yaushe ne tafiyar?"

Mutanen bakin iyaka ke nan. Sun saba ciniki da mutanen Damagaram, in ka tsaya kunya wani ya ɗauke raƙumin.

Sajo da Haladu ɗaki ɗaya suka zauna a makarantar horon malamai. Da na gaya masa, sai ya ce, "Allah ya sa alheri. Haladu yana da ƙoƙari." Ya ci gaba da goge allo, allon da ya riga ya goge.

Asabar, 22, da hantsi

Saƙon Dagaci ya je ya dawo. Surukin ya gaya wa abokin, abokin ya gaya wa mai zama da akawu, kowa ya ɗan rage masa kaifi don ladabi. Abin da ya isa kunnen Bature shi ne, Malam Hudu na Tsamiyar Ilu yana gaisuwa, yana kuma godiya da ziyara.

An ce Bature ya ji daɗi. Ya ce a gaishe ni.

Talata, 25, Gagarawa Tasha, bayan magariba

Na bar wa Sajo makaranta na taho tun jiya. Doki zuwa Gumel, daga nan motar gyaɗa, ƙasusuwana duk sun san na yi tafiya. Na zo wurin Malam Ishaƙ ne, hedimastan nan, don shi ya shiga kwas ɗin a karon farko, na ce ko ya san ƙofar da ake bi. A raina kuma ina so in ga abin da ido, in koma in ce wa Sajo ba wani abin kirki ya rasa ba.

Na san Ishaƙ tun yana sabon malami. In babba ya yi masa magana sai gumi ya karyo masa. Yau da safe na tarar da shi a bayan aji, zaune kan bencin yara, wani malaminsa yana koyarwa. Bai ce uffan ba har aka tashi. Da yara suka fita ya ja malamin gefe, su biyu kaɗai, na jiyo shi yana cewa, "Kai a ganinka, a ina ka rasa su?" Malamin da bakinsa ya faɗi inda ya yi kuskure. Suka rabu suna dariya.

Abin da ya fi tsaya mini, ajin cike yake. Ga gyaɗa ana cira ko'ina, ga tasha, ga jirgi, ga duk abin da ke janye yaro, amma benci ba fili. Na ce wane dogari ne gare shi haka.

Ya ce, "Baba, ba dogari. Kafin kaka na bi iyayen gida gida, na ce mu yi ciniki. Ku ba ni yaran daga sallar asuba zuwa hantsi, in ba ku su sauran yini. In an gama gyaɗa mu koma yadda muke."

"Aka bar ka ka taɓa lokacin makaranta?"

"Na je na roƙa, na faɗi dalili. Ba ma dabarata ba ce. Mu takwas ne a kwas ɗin, gida ɗaya muka zauna. An raba mu ga tsofaffin hedimastoci, kowa yana bin nasa kamar jela, yana ganin yadda yake yi da malamai, da iyaye, da masu sarauta. Ran Asabar sai mu haɗu, ɗaya ya baje matsalar garinsu a tabarma, sauran su yi ta tsinta. Ni na kawo ta kaka. Wani daga ƙasar masu auduga ya ce ga yadda wani tsoho yake yi a wajensu. Har yanzu in abu ya cije mini, su nake nema."

Na zauna ina jinsa. Tun kafin a yaye shi nake fama da kaka. Ban taɓa samun wanda zan baje wa matsala a tabarma ba, in ban da A'i, ita kuwa sai ta ce in tashi za ta share wurin. Abin da na tsinta da tuntuɓe, ɗaya bayan ɗaya, da wanda har yau ban tsinta ba, an tara an ba yaro cikin wata tara, har da abokai. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ba a gaya mana abin da zai faru in aka kafa wa yaron tsani ba.

Na zo neman abin rainawa, ban samu ba. Wannan ya fi tafiyar ciwo.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya kama baki. Ya ce, "Ash! Baba, Bature a'a ɗaya yake ji. Farkon abin da aka koya mana ke nan: in kana son abu don makaranta, ka je da ƙafarka ka faɗa da bakinka."

Na ce, "Wato wata tara aka yi ana koya muku rashin kunya."

Ya yi dariya. "Da inda ake ajiye ta, da inda ake ɗaukarta. Gobe Baturen yana Gumel. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Laraba, 26, Gumel, bayan azahar

Na je. Na cire takalmi, na yi gaisuwa, na fara daga nesa yadda ya kamata, da ruwan bana da lafiyar iyali. Na ga yana duban agogo, sai na tuna Ishaƙ, na runtse ido na ce, "Sajo yana so ya tafi. Ya fi kowa so. Abin da ya faɗa ranar ladabi ne."

Kunnuwan nan suka ƙara ja. Ya ce tun farko Sajo ne zaɓinsa, don ya ga koyarwarsa. Amma ya riga ya gaya wa Haladu. Ya yi ta juya alƙalami. Daga baya ya ce bai aika suna Kano ba tukuna, sai ran Asabar da azahar. In Sajo ya zo da kansa kafin nan ya ce yana so, zai sa sunansa, ya ba Haladu haƙuri. In bai zo ba shi ke nan, kuma ƙasar Gumel ba za ta sake samun wuri ba sai an zagaya sauran ƙasashe. Wanda ya je, shi za a ba makarantata in ya dawo.

Har na miƙe, sai ya ce, "Malam Hudu, ranar na dube ka. Don me ba ka gaya mini ba?"

Na ce masa dokina yana rana tun ɗazu.

Alhamis, 27, gida, bayan la'asar

Ko ruwa ban sha ba na aika a kira Sajo. Na ba shi labari duka, har da na Gagarawa, ina yi ina ƙara gishiri kamar mai kanwa. Na ce jibi da sassafe ya hau dokina.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Na gode, Malam. Allah ya saka. Amma a bar wa Haladu."

Na yi murmushi a raina. Na ce wannan ta farko ke nan.

Juma'a, 28, da yamma

Da safe na sake yi masa magana. Ya ce a bar wa Haladu. Ta biyu.

Bayan masallaci na tare shi a hanyar rijiya, inda ba kowa. Na ce, "Sajo, ni ne fa. Ba Bature ba ne. Ga ta uku na yi maka, ka fita kunya, sai ka ce to."

Ya tsaya. Tunda nake da shi bai taɓa kallon tsakiyar idona ba, yau ma bai kalla ba, amma ya kai har gemu.

"Malam, uwar Haladu ta yi sadaka. Ya yi sallama da mutane, an yi masa addu'a a masallaci. In je in cire lomar daga bakinsa? Da wane ido zan dubi Maigatari?"

"Ai taka ce tun asali."

"Ranar tawa ce."

"To me ya hana ka karɓa?"

"Yadda ka koya mini na yi. Na ƙi, na jira."

"Ka jira Bature ya sake tambaya."

"A'a, Malam. Ba Bature na jira ba."

Wata mata ta taho da tulu, muka matsa mata. Da ta wuce ya ce yana da aikin yara da zai duba, ya durƙusa, ya tafi.

Na gaya wa A'i gobe zai hau. Yaro ne mai zurfin ciki, ta ukun ma sai ya ɗan ja. Ta ce, "Malam, kai da Baturen nan ku raba kunne. Shi ya ji a'a ya ɗauka a'a ce, kai ka ji a'a ka ɗauka i ce. Ba wanda ya ji yaron." Na ce ba ta san shi kamar ni ba.

Asabar, 29, da azahar

Tun da asuba na ɗaura wa doki sirdi da hannuna, na kai shi gindin tsamiya, na rataya goran ruwa. A'i ta dama fura ta ƙulla.

Sajo ya zo da rigarsa ta kullum, da alli a hannu. Ya gaishe ni. Ya shafa wuyan dokin, ya ce ya rame, a riƙa ba shi dusa. Ya shiga aji.

Na zauna a inuwa. Na ce in ya ba su aiki zai fito. Inuwa ta janye ta bar ni. Na ce in aka tashi tara zai fito. Ina jin muryarsa ta taga, yana koya musu kogunan ƙasar nan, a hankali, ba gaggawa, yadda yake yi in yana so abu ya zauna.

Ladan ya kira salla. Na kwance sirdi.

Lahadi, 30

Ba wurina ba ne. Haka aka rene mu duka.

Laraba, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Haladu ya zo a kan keke, takanas, don ya gaishe ni ya kuma ga Sajo. Na so ƙwarai in same shi marar tarbiyya. Ya sauka tun daga nesa, ya cire takalmi, ya kawo mini dabino da turmin atamfa na A'i. Dogo ne, mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce abokansa na tsallaken iyaka har sun fara kiransa mushen lakwal, wai malamin makaranta da bakinsu.

"Baba, an ce in na dawo nan za a turo ni. Ni dai roƙona, kada ka yi nisa. Duk abin da suka koya mini sai na kawo ka duba, ka ce wannan zai ci a Tsamiyar Ilu, wannan ba zai ci ba."

Na ce Allah ya kai mu.

Ya juya wurin Sajo ya dafa shi. "Kai kuma mutumina, an ce kai za ka yi riƙo kafin in dawo. Ka ɗumama mini kujerar, kada ka cinye ta!" Ya yi dariya. Sajo ma ya yi. Bai san komai ba, Haladu. Ba wanda ya gaya masa, kuma ba mai gaya masa.

Sajo ya raka shi har bayan gari, yana tura masa keken.

Litinin, 8, da hantsi

Makon jiya Sajo ya ce in na yarda a gwada dabarar Gagarawa, tunda har yanzu ana fama da gyaɗa. Daga abin da na ba shi labari kawai ya ɗauka. Shi ya bi gidaje. Ni na tsaya a zauren Dagaci, don akwai ƙofofin da in aka gan ni sai a ce mai gida ya fita.

Yau da asuba benci ya cika. Har ɗan maƙeri, wanda na cire rai da shi tun bara, ga shi nan da allonsa yana hamma.

Dagaci ya leƙo ya ce, "Kai, Hudu! Ashe dogarina zai huta. Wannan daga jin labari ke nan, ina ga ya je ya gani?"

Na ce ya tafi ya ji da harajinsa.

Ya kamata in yi murna. Na zauna a ajina ina duban kawunan nan, ina ta neman murnar.

Alhamis, 11, da yamma

Wanzami yana yi mini aski ya ce wai Sajo zai bar koyarwa. Wai wani mai sayen gyaɗa a Gagarawa Tasha yana neman akawun sikeli, mai hannu mai kyau, kafin a buɗe ciniki. Na ce ya kula da askarsa. Wanzami da labari, kamar kaza da tono.

Juma'a, 12, bayan an sauko

Liman ma ya faɗa, a kaikaice, wai Allah ya sa canji ya zama alheri. Dagaci ya faɗa kai tsaye. Ya ce yaron ya riga ya kai maganar ajiye aikinsa Gumel, da ƙafarsa, da bakinsa, ba ta hannun surukin kowa ba.

Na ce ƙarya ne. Wanda ya cika benci ran Litinin ba zai je ya zauna yana auna buhu ba. In da gaske ne, ni zai fara gaya wa.

Dagaci ya ce, "Ka tambaye shi mana."

Ba a tambayar irin wannan.

Asabar, 13, da hantsi

Ya zo, ya gaishe ni, ya koyar. Na tsaya a ƙofar ajinsa na ɗan lokaci. Na ga bencin baya akwai wuri, irin inda Ishaƙ ke zama. Na wuce.

Litinin, 15, bayan azahar

Yau ajin Sajo ni na shiga. Yaran suka miƙe suka gaishe ni, suka zauna suna kallon ƙofa. A allo ya bar musu aikin mako, an rubuta shi tsaf, da irin rubutun da na koya masa, mai jelar nan a ƙarshen baƙi. Ban goge ba, na raɓa ta gefe na rubuta nawa.

Da na koma gida na tarar da matarsa Fadimatu a tsakar gida, da goyo, ita da A'i idanunsu sun yi ja. Ta durƙusa ta ce ta zo sallama. Shi ya yi gaba tun da asuba da jakin kaya, ita za ta bi ayarin gobe. Ta ce ya ce a gaya mini ya gode, in yafe masa, kuma maganar dusar doki kada a manta.

Na ce, "Shi ba shi da baki ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ya zo ƙofar gidan nan jiya bayan la'asar. Ya daɗe a tsaye. Ya ce in ya shigo za ka ce ya zauna, shi kuwa bai iya ce maka a'a ta huɗu ba."

A'i ta tashi ta shiga ɗaki.

Na sa mata albarka, na shafa kan jaririn, na ce Allah ya ba da sa'ar sikeli. Muryata ba ta yi rawa ba. An rene mu da kyau.

To, ga shi na rubuta, don kada gobe in ce ban ji ba. Wanzami ya faɗa, na ƙaryata. Liman ya faɗa, Dagaci ya faɗa, na ƙaryata. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe Fadimatu ce, 'yar Ilu mai rini, matar Sajo, a durƙushe, ba ta ɗago kai ba.